Ranar Da Famfo Ya Kawo

Kaset ɗin ya shekara talatin a ƙasan adaka,
tsakanin takardar fili da tsohon carbin Baba.
A bayansa an rubuta da jan biro:
Garin Malam, ranar da famfo ya kawo.

Kawu Gambo ne ya ɗauka,
shekarar da ya dawo daga Sabha
da kamara a kafaɗa mai nauyin tulu.
Hannunsa na rawa,
gidan duka na rawa tare da shi.

Na kai wa Mutari, bakin Kasuwar Dole.
Ya hure ƙurar manyato, ya share kansa da auduga,
ya juye mu cikin kwamfuta.
Sau biyu kuran na ɗaukewa.
Muka sha shayi.

Ga tsakar gidanmu,
sai dai kamar ana watsa mata gero.
Wani layi na hawa daga ƙasa, ya sake hawa.
Bango ya koma kore, akuya shuɗiya,
yara ba riga suna ihu,
ɗaya daga ciki wai ni ne.
Ga Inna Cima ta tara bokiti,
fuskarta kamar an goga yatsa a ɗanyen yaɓe.

Mutari ya ce, tsaya ka ga aiki.
Ya tsince geron.
Ya tsai da hannun Kawu,
abin da asibiti ya kasa har ya koma ga Allah.
Bango ya samu jansa, akuya ta zama akuya.
Atamfar Inna ta fito da tsuntsayenta,
da ita aka goyi ƙanwata.

Sai ya danna wani wuri, ya ce wannan fuska yake gyarawa.

Wata mata ta bayyana.
Kyakkyawa, kumatu sumul,
haƙora a jere, ba wushirya.
Zanen nan uku na gefen ido
da wanzami ya yi mata a Mirriya,
na'ura ta ɗauka datti ne, ta goge.
Tana ta dariya
da bokitin uwata a hannu.

Na ce, wannan ɗiyar wa ce?
Mutari ya sosa ƙeya.
Ya ce inda ba ta gani ba,
cikewa take da fuskokin da ta saba gani.

Na ce, koma baya taki ɗaya.
Bar min bango, bar min akuya,
bar min tsuntsayen.
Fuskar kuwa, mai do min da dishi-dishina.

Jika uku na biya.

Da dare na sa wa Gwaggo Falmata,
wadda yana ta cinye mata ido.
Ko tele ba ta fuskanta ba.
Ruwa ya daki gindin bokiti,
wata murya ta keto ta cikin shuu:
Ku miƙo randa, kar ya ɗauke!

Gwaggo ta aje goronta a kan tabarma.
Ta ce, Cima ce.
Ƙara murya.