Littafin Sidi Mai-Tuta

Na dawo Jos ran Laraba, ana yayyafi,
ba tsarabar kirki a jakata:
tikiti goma sha ɗaya, duk an huda,
da ɗan littafi mai shuɗin bango.
Inna Kande ta juya su a tafin hannu,
ta ce, “Wata uku a ƙasar mutane,
takardu ka kawo mana?”

Inna, zauna ki ji.
Can jirgi na bin jirgi
kamar tururuwa ta ji labarin sukari.
A wata tasha da harshena ya kasa sunanta,
can ƙarshen dakali inda rumfa ta ƙare,
na ga wani tsoho cikin rigar ruwa,
fensir a kunne, sanyi na cin yatsunsa.
Jirgi ya zo, bai hau ba.
Wani ya zo, bai hau ba.
Sai ya duba lambar kan jirgi, ya rubuta,
ya yi murmushin wanda aka biya tsohon bashi.
Na ce, “Ma’aikaci ne kai?” Ya ce a’a.
Na ce, “To wa kake jira?”
Ya ce, “Su. Shekara hamsin ke nan,
kuma kullum suna zuwa.”

Da na ce masa daga Jos nake,
ya lumshe ido, ya ce, “Kuza.”
Ya zana mini siririn layi da farce a kan benci,
daga Zariya ya hauro duwatsu yana nishi,
wanda aka tuge tun ba a haife ni ba.
Kunya ta rufe ni, Inna.
Baƙo a wata uwa duniya
ya fi ni sanin hanyar gidanmu.

A nan Baba ya faɗo mini a rai:
jar tuta a dama, koriya a hammata,
ƙurar kwal a wuyan riga, ke kina faɗan sabulu.
Da littafinsa na cikin akwatin ƙarfe,
lambobi da boko, ƙorafi da ajami:
“Na Kafancan ya makara, direba ya ce saniya ce.”
“Tarago tara, duk kuza, ko sannu babu.”
Muna yara mun yage rabinsa
mun ƙulla gyaɗa.

Shi ya sa na sayi nawa.
Na rubuta wanda ya shiga cikin dutse da ni,
duhu ya kai tsawon Fatiha uku.
Na rubuta wanda ba ya tari, ba ya hayaƙi,
shayi a kofi ko girgiza bai yi.
Ban so shi sosai ba.
Jirgin da ba ya nishi, yaya za ka tausaya masa?

Yau da safe na gangara Taminus.
Ciyawa ta kai wa dogo wuya,
mai gwanjo ya shanya wanduna a kan shinge,
agogon bango ya tsaya a inda ya gaji.
Baba Choji na nan, abokin aikin Baba,
haƙori biyu suka rage masa, da usur ɗinsa.
Ya durƙusa da ƙyar, ya kara kunne a ƙarfe,
ya daɗe.
Ya ɗago ya ce, “Ɗan Sidi, sanyi kawai.”
Muka yi dariya, har ta so ta zama wani abu.

Na buɗe shafi, na ciro fensir.
Alhamis, goma da kwata:
akuya biyu, daga gabas, ba su makara ba.
Ƙarƙashinsu na ja layi,
na bar fili,
daidai faɗin lamba huɗu.