Tekun Kamu Huɗu

Ni ɗan Sarkawa ne, jikan masu homa,
a bakin Kwara aka binne cibiyata,
amma ban san ruwa na da launi ba
sai da na leƙa shi a Jidda
ta gindin wani jirgi mai ƙasan gilashi.
Na ga duwatsu suna numfashi.
Na ga murjanin da kakata ke ratayawa a wuya,
ashe kafin ya zama tsakiya rai gare shi.
Na dawo Yelwa da tsarabar dabino
da wata cuta da ba ta jin jiƙo.

Na fara da Makau mai yankan gilashi.
Na ce kamu huɗu, ya ce biyu sun ishi ɗan koyo.
Na ce ƙaramin ruwa saurin fushi gare shi,
kuskure ɗaya ya juya maka baya;
babba shi ke da haƙurin tsoho.
Ya gwada kauri da babban yatsa,
ya faɗi kuɗin. Na nemi benci.

Takardar da aka turo mini daga Ikko
ta sa abin ɗumama ruwa a layin farko.
Wanda ya rubuta bai kwana Yauri da bazara ba,
lokacin da randa kanta ke gumi.
Na soke shi da jan biro,
na rubuta na'urar sanyi a gurbinsa,
mai tsadar ɗan maraƙi.

Sai fanfo biyu masu kaɗa igiya,
don murjani ba ya zuwa kasuwa,
abinci ke zuwa ya same shi a zaune.
Sai fitila mai shuɗin haske.
Sai wani kofi mai tara kumfa
da ke kwashe dauɗa kafin ta ruɓe;
na so in tsallake shi,
na tuna masai ba ado ba ne,
amma wa ke gina gida babu shi?

Labbo mai haɗa waya ya saurara har na gama.
Ya ce, duk wannan wuta suke ci?
In aka ɗauke tun la'asar fa?
Ranar na gane teku ba daga ruwa take farawa ba,
daga faranti shida ne a kan kwano
da batir biyu a bayan ƙofa.
Babur ɗina ya tafi a wannan cinikin.

Kulu ta miƙo mini ƙullin gishirin Foga,
ta ce ga shi, kar ka wahal da mota.
Na yi godiya, na mayar mata kicin.
Nawa ya zo cikin bokiti, kwana tara a hanya,
na dama shi da tataccen ruwa,
na ɗiga a ma'auni, na kanne ido ɗaya
kamar mai duban wata.

Baba ya zo da sandarsa.
Ya ce, mi kaka yi da kifin da ba a ci?
Ni da na ja giwan ruwa ya fi ni tsawo,
ɗana na kiwon ƙawa a cikin kwalba!

Yau sati biyar. Ba kifi ko ɗaya.
Yashi ne da duwatsu da gunjin fanfo,
maƙwabta na leƙowa su koma da dariya.
Amma jiya da dare na fito shan ruwa
na tarar da shi a kan tabarma,
shuɗin haske ya rina masa furfura.
Ya tsoma yatsa, ya ɗanɗana, ya tofar,
ya shinshina kumfar da ke kofin,
ya daɗe yana kallon yadda yashi ke motsi.
Bai waiwayo ba ya ce,
ruwan ga bai nuna ba tukuna.
Ƙara mai sati guda.