Mai Gyaran Famfo a Gadon Asibiti

Babana Sallau, shekara talatin yana bin bututun Aboabo.
Kafin ya duƙa ya san inda ruwa ya tsaya.
Yakan kara kunne a jikin ƙarfe,
ya ce, "Nan ne. Leda ce, ko tsumman wanke-wanke."
Ruwa, in ji shi, ba ya haƙuri:
ka hana shi gaba, sai ya koma baya.

Wata bakwai ina jin ƙarar butarsa da dare.
Sau biyar, sau shida,
ya fita, ya daɗe, ya dawo yana tsaki.
Da safe ya ce sanyi ne,
ya aiki ƙanena Kejetiya sayen jiƙo a kwalba.
Uba ba ya faɗa wa 'yarsa
cewa fitsarinsa ɗigo-ɗigo yake zuwa,
ni ma ban tambaya ba.
Kunya ta zauna tsakaninmu tana cin tuwo da mu.

Sai ranar da kwiɓinsa ya riƙe,
ya kasa ɗagowa daga ruku'u.

A Komfo Anokye aka shafa masa mai sanyi a ciki,
likita Frimpomaa ta juyo mana da allon.
Baƙi-baƙi, kamar tabki a tsakar dare.
"Ƙoda ke nan," ta ce, ni ina fassara,
"aikinta tace jini, ba ta da ranar hutu.
Abin da ta tace, siraran hanyoyi biyu ke kai shi mafitsara.
A bakin mafitsara akwai wata tsoka
da kan girma in namiji ya manyanta.
Ta matse ƙofa. Mafitsara ta cika,
ruwan ya hau sama,
ƙodar ta kumbura kamar salka, namanta na sirancewa.
Wani tsakuwa ce ke tare masa. Wani ma ba ya jin ciwo
har ƙodar ta gaji ta yi shiru."

Ban kai ƙarshen fassarar ba ya ɗaga hannu.
"Bar shi, Laraba. Na gane.
Toshewar a ƙasa take, ɓarnar a sama."

Aka sa masa roba.
Na juya fuska ina kallon taga,
ina jin jakar tana cika a hankali,
ina jin numfashinsa yana sauka
kamar wanda aka sauke wa buhun siminti.

Sauran magana sai gwajin jini ya fito.
Ta hagu, an ce, wataƙila ta farfaɗo duka.
Ta dama, Allah ne masani.

Da la'asar na kawo masa koko a kwano.
Bai sha ba. Yana bin robar da ido,
daga gado har ƙasa,
sannan ya kira nas da ladabi,
ya nuna mata inda ta lanƙwashe.