Ɗigo Takwas

Shekara shida kwamfutar Baba tana buɗe masa wasiƙu
ba ta taɓa cewa wane ne a ƙofa ba.
Sau ɗaya ya rubuta kalmar sirri
a shagonsa na aya, bayan babbar kasuwar Maraɗi.
Lawali mai gyaran waya ya ce, “Danna nan, ta riƙe maka.”
Ya danna. Ta riƙe. Shi ko ya manta.

Bayan sadakar arba’in na gaji kujerar.
In na kunna da safe saƙonni su zubo,
ita ba wanda ya yi mata gaisuwar rashi:
dillalin Kwatano na neman buhu tamanin,
direba a Ɗan Isa na jiran kuɗin mai.
Duk “Alhaji Nomau” suke kira.
Ni ke amsawa.

Ran Talata aka ɗauke wuta.
Da ta dawo, ga ɗan akwati fari ya tare allo:
shigar da kalmar sirri.
Ɗigo takwas kwance a ciki,
baƙaƙe, kamar aya a kan faifai,
ta miƙa su, an maido mata.

Na gwada sunan Inna, Tsahara.
Na gwada Tibiri, inda aka binne cibiyarsa,
da lambar tsohon babur,
da shekarar da Gulbi ya ci mana gona.
Akwatin ya tafi, ya dawo, ya sake tambaya,
ba fushi, ba gajiya,
kamar mai bin bashi mai kunya.

Lawali ya zo bayan la’asar,
ya tono inda take ɓoye ajiya,
ya kau da kai. “Karanta da kanki, Ramma.”
Zuciyata na dakan lugude, na duba.

Ɗaya, biyu, uku, har takwas.

Mutumin da ke rufe shago da kwaɗo uku,
ya koma daga bakin titi ya jijjiga su!
Na yi dariya har mayafina ya jiƙe.

Mun sa sabuwa; ba zan faɗe ta ba.
Ta ce, “In riƙe miki?”
Na ce a’a.
Bar ni in riƙa rubutawa kowace safiya,
harafi bayan harafi,
yadda ake sallama a ƙofar gidan da ba naka ba.