Wa Ya Faɗa?

A Tartu, ƙarfe uku rana ta faɗi,
kogi ya daskare, ko motsi babu.
Ilmar ya bar shayinsa ya huce,
ya taɓa kalmar "tunani" mai launin shuɗi,
ta buɗe masa ƙofar "mantuwa",
mantuwa ta miƙa shi hannun "mafarki".

A shafi na tara ya ci birki.
Wata jimla ta yi masa zaƙi fiye da kima:
"Ƙwaƙwalwa ba ta yi wa mai ita ƙarya."
Wa ya faɗa? Ina hujja?
Ya tone tarihin shafin, layi bayan layi,
sai ga sunansa, shekara shida baya.

Ya yi dariya shi kaɗai.
Bai goge ba.
Alamar tambaya ya ɗora mata a wutsiya.