Sakin Layi Biyar

A Duluth, iskar tafki ta fara cizo.
Marit ta shigo ajina da lambobin yabon sakandare,
rubutunta sakin layi biyar, a goge, a ninke,
kamar rigar da ba a taɓa sawa ba.

Na rubuta a gefe: "Ke fa, me kika gani?"
Ta zo ofis, idonta ya kawo ruwa.
"Ina kuskuren?"
Na ce babu, shi ne ciwon.

Mako uku ko uffan.
Sai ga shafi guda, duk soke-soke,
kan kakanta mai lodin tama a jirgi
da yatsu biyun da igiya ta cinye masa.
Jimla ta huɗu ta karye a tsakiya.
Na zaro jan biro,
na mayar aljihu.