Tsirkiya Shida a Kan Tudu

Shekara talatin da huɗu ina ɗaga kaya
a tashar jiragen ruwa ta Valparaíso,
ƙugiya ba ta taɓa kuɓuce mini ba.
Yau ga ni a kujerar kicin
rungume da katako mai nauyin jariri,
ya gagare ni.

Ranar Lahadi na sayi jitar a kasuwar tsofaffin kaya,
mai ita ya yi mini gyara da jaka mai mataccen zif.
Matakala ɗari da sittin na hau da ita zuwa gida,
mata na shanya, suna leƙe:
Evaristo, da furfurar taka?

Malamata Rayén ce, jikar mai gasa burodi,
shekarunta sha huɗu, da waya a haƙoranta.
Ba ta karɓar kuɗi, kekenta nake gyara mata.
Ranar farko ko kallon jitar ba ta yi ba.
Ta ce, yanke farce tukuna.

Ta jera yatsuna ɗaya bayan ɗaya
kamar mai dashen albasa.
Danna. Na danna.
Kaɗa. Na kaɗa.
Abin da ya fito ƙofa ce mai tsatsa.
Karen da ke kwance a bakin gida
ya ɗaga kai, ya dube ni, ya sake inuwa.

Ashe kantar da ke tafin hannuna
ba a nan ake bukatarta ba.
Kan yatsa ake so, wurin da bai taɓa wahala ba,
wurin da har yanzu yaro ne.
Kwana tara tsirkiya na zana mini layi,
ko kofin shayi na ɗauka sai na ji ta.

Akwai yatsan zobe da igiyar ƙarfe ta karya
tun kafin a haifi uwar Rayén.
Ba ya lanƙwasa. Na nuna mata,
na ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Ta juya shi, ta duba, ta tauna cingam ɗinta.
Ta ce, to bar shi ya yi gadi,
ɗan auta zai yi aikinsa.

Daga kamu na farko zuwa na biyu
tazarar ba ta kai tsawon ashana ba,
amma kafin hannuna ya isa
jirgi ya yi kuka a teku,
Eduvigis ta juya kifi a kasko,
ta ce, waƙar ta ƙare ne ko hutu aka tafi?

Na so mayar da ita.
Na rataye ta a ƙusa kwana huɗu,
ba na kallon bangon.

Daren Laraba ƙasa ta ɗan motsa,
irin wadda ba ma tashi dominta.
Cokula suka yi magana a aljihun tebur,
sai na ji ta a cikin duhu,
tsirkiya shida, ba hannun kowa,
doguwar murya mai taushi, har ta lafa.
Eduvigis ta ce daga cikin bargo,
ka ji, ita ta iya.
Kai take jira.

Da asuba na sauke ta.
Hazo bai bar rufin kwano ba tukuna.
Ɗaya, biyu, uku, sauya.
Ɗaya, biyu, kuskure.
Ɗaya, biyu, uku,
sai hannun ya tafi da kansa, bai tambaye ni ba.

Sau ɗaya ne tak. Na sake, ya ƙi.
Ba wanda ya ji sai karen,
shi ma bai motsa ba.
Na sa ruwa a wuta.
Rayén za ta zo ƙarfe huɗu,
ta ce sarƙar keken ta sake zamewa.